Sharhi: Tunkiyar Iskotilan da Mas'alar Sankarar Huhu



A watan Fabrairu na shekarar 2003, a cibiyar bincike ta Roslin da ke kusa da birnin Edinbura a ƙasar Iskotilan, likitocin dabbobi suka yi wa wata tunkiya allurar da ta raba ta da duniya, bayan sun tabbatar ƙari ya cinye mata huhu. Ita ce Dolly, wadda labarinta ya game duniya saboda an samar da ita daga ƙwayar jikin wata tunkiyar, ba da barbarar rago ba. Masu gaggawar yanke hukunci suka ce alhakin shisshigi cikin halitta ne ya kama ta, alhali abin da ya same ta tsohuwar cuta ce da makiyayan Afirka ta Kudu suka sani tun ƙarni na 19, suna ce mata jagsikte, wato ciwon kora, domin dabbar da ta kamu takan yi ta haki kamar wadda aka koro daga nesa. In makiyayi ya ɗaga ƙafafunta na baya, sai ruwa mai kumfa ya kwararo ta hanci, a cikinsa kuwa akwai ƙwayar cuta ta jinsin bairos, wadda take bin numfashi ta shiga sauran garke. Mutanen tsibirin Aisilan sun ɗanɗani kuɗarta, don kuwa da suka shigo da wasu tumaki daga Jamus a 1933, sai da suka yanka garke bayan garke kafin su rabu da ita.

To, ga mas'alar da ta hana masana barci. Tun da ya tabbata, ba tare da shubuha ba, cewa bairos na haddasa sankara a huhun tunkiya, kuma ƙarin nata ya yi kama da wani nau'in da ake gani a huhun ɗan Adam, har a jikin waɗanda ba su taɓa kai sigari baki ba, me zai hana a yi ƙiyasi, a ce na ɗan Adam ma bairos ne ke haddasa shi?

Tambayar tana da madogara. Tun 1911 Peyton Rous na Amurka ya nuna bairos na sa ƙari a jikin kaza, aka yi biris da shi, bai sami lambar Nobel ba sai 1966, yana tsoho tukuf. A nahiyarmu, ƙarin muƙamuƙin yara da likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958 shi ya kai ga gano bairos ɗin Epstein-Barr a 1964. Bairos ɗin ciwon hanta na jawo sankarar hanta, shi kuma HPV sankarar bakin mahaifa, wadda aka fara yi wa 'yan mata rigakafinta a Nijeriya a watan Oktoba na 2023.

Sai dai malaman usulu sun koya mana cewa ƙiyasi ba ya inganta sai illar da ke cikin asali ta tabbata a cikin reshe, kuma alƙali mai adalci ba ya yanke wa mutum hukuncin sata don kawai an gan shi a kasuwa ranar da aka yi ta. A Taiwan, a 2001, an ba da rahoton samun HPV a ƙarin huhun mata marasa shan taba. Amma da aka sake bincike a wasu ƙasashe da na'urori mafiya kaifi, ba a tarar da shi yana aiki ba sai a 'yan ƙalilan, waɗansunsu ma daga wata gaɓar ciwon ya yi ƙaura zuwa huhu. Epstein-Barr yana da hannu a wani nau'i nadiri na sankarar huhu da aka fi gani a kudancin Sin. Masu ɗauke da ƙanjamau sun fi kamuwa da sankarar huhu, ko da yake raunin garkuwar jiki da yawan shan taba sun cuɗe cikin lamarinsu. Bairos ɗin tunkiya kuwa, babu hujjar da ta tsaya cewa yana kama mutum, saboda haka mai kiwon ragon layya ya kwantar da hankalinsa.

Abin da ya kai matsayin yaƙini shi ne abin da Richard Doll da Bradford Hill suka bayyana a Ingila tun 1950, wato taba, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora wa kusan kashi 85 cikin 100 na sankarar huhu, ciwo mai kashe mutum kimanin miliyan 1.8 kowace shekara. Fargabata ita ce mashayi ya tsinci rabin wannan bahasi a majalisa, ya ce ashe ƙwayar cuta ce, ya kunna wani karan.

Kai mai sigari, zanni ba ya ture yaƙini, ka ajiye ta. Ke kuma uwargida da ke wuni cikin hayaƙin itace, in tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko an sha maganin tarin fuka bai yi sauƙi ba, ki koma asibiti ki nemi a ɗauki hoton ƙirjinki.