Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Kula da Zirga-zirgar Ababen Hawa ta Bauchi (BAROTA)

Ranka ya daɗe,

Tun da aka cire tallafin mai a 2023, wasu masu kai saƙo suka koma babur mai caji. Ba laifi, neman halal ne. Sai dai babur ɗin ba ya ƙara. Makon jiya a bakin Kasuwar Wunti, wani ya jibgo kwalaye har sun tsere wa kansa, saura ƙiris ya banke mahaifiyata. Ba ham, ba lamba, iskarsa kawai ta ji.

Tsaron titi haƙƙi ne a wuyanku. Ba korarsu muke nema ba. A yi musu rajista da lamba, a wajabta ham da fitila, a ƙayyade lodi da gudu a kusa da kasuwa.

Naku,
Wani mazaunin Wunti, Bauchi