Hatsi da Kifi Ne Suka Fara Gina Holan

Arzikin Holan ya faro ne daga kaya masu araha: hatsi, katako, gishiri da kifi. Ƙasar ƙarama ce, wani yankinta teku ma ya fi shi tudu, kuma dausayinta ba ya ba da hatsin da zai ciyar da jama'a. Sai mutanen suka rungumi kiwon shanu da kamun kifi, suna saro hatsi daga tashoshin tekun Baltik irin su Danzig, su kai yammaci da kudancin Turai. Ribar kowane buhu kaɗan ce, don haka dole kuɗin dako ya sauka, kuma a ƙarshen ƙarni na 16 suka ƙera jirgin ruwa mai faɗin ciki wanda ma'aikata kaɗan ke iya tafiyar da shi. Irin wannan fatauci ba ya yiwuwa sai da yarda. A 1609 birnin Amsterdam ya kafa bankin musaya, inda ɗan kasuwa ke biyan abokin cinikinsa ta hanyar rubutu a littafi, ba sai an zauna ƙirga tsabar kuɗi na ƙasashe barkatai ba.

Wani zai ce wannan wanke laifi ne, ai da jinin mutane aka tara dukiyar. Yana da hujja. Kamfanin gabashin Indiya na Holan da aka kafa a 1602 ya kusan shafe mutanen tsibiran Banda a 1621 don ya mallake cinikin kayan ƙamshi shi kaɗai, kuma a 1637 Holan ta ƙwace sansanin cinikin bayi na Elmina, a Ghana ta yau, daga hannun Fotugal. Ba a yafe wannan da lissafin riba. Amma in ganima kaɗai ke gina ƙasa, da Sifaniya ce ta yi zarra: azurfar mahaƙar Potosi na kwarara mata, duk da haka Sarki Filib na biyu ya kasa biyan bashi a 1557 da 1575 da 1596. Ganimar Holan ta tarar da kasuwa da banki da jirage a tsaye.

Holan ɗin kanta ta ɗanɗana sauƙaƙƙen arziki bayan gano iskar gas a Groningen a 1959. Kuɗinta ya yi tsada, masana'antunta suka sha wuyar sayar da kaya a waje, har aka raɗa wa matsalar suna "cutar Holan", wadda Najeriya ta san zafinta tun da man fetur ya danne gyaɗa da auduga. A 2024 an rufe rijiyoyin Groningen saboda girgizar ƙasa, tashar jiragen ruwanta ta Rotterdam kuwa har yau ita ce mafi girma a Turai.