A Zauna A Yi Lissafi Kafin A Sayi Batir

'Yan'uwa cikin Almasihu, ɗauke wutar lantarki ba baƙon abu ba ne a gare mu. Hukumar NEPA ta koma PHCN a shekarar 2005, a 2013 kuma aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu, amma har gobe yara suna ihun murna duk lokacin da aka kawo wuta. Abin da muke so mu duba yau shi ne ɗaukewar nan ta ɗan lokaci, ta minti 20 ko awa 2, wadda kan faɗo ana tsakar sujadar yamma ta iyali, ko yaro yana tsakar karatun jarrabawa. A ganinmu maganinta shi ne ƙaramin batir daidai bukatar gida. Janareta ya yi mata yawa, tarin batura na gasa da maƙwabta kuma asarar kuɗi ne.

Tun da gwamnati ta janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, farashinsa ya yi tashin gwauron zabo, ta da janareta saboda rabin awa ya zama almubazzaranci. Ban da wannan, cikin hayaƙinsa akwai iskar guba wadda ba ta da wari ko launi. Iyalai da dama a ƙasar nan sun kwanta barci da janareta a zaure ko kusa da taga, ba su farka ba. Batir ba ya hayaƙi, ba ya hana maƙwabci barci.

Kayan iri biyu ne, kuma ana yawan ruɗa su a kasuwa. Na farko shi ne UPS, ɗan akwatin da ake haɗa wa kwamfuta. Yakan karɓi aiki kafin ƙiftawar ido, amma batirinsa ƙarami ne, galibi mai lamba 12V 7Ah, don haka 'yan mintoci kawai yake bayarwa, daidai yadda mutum zai adana aikinsa ya kashe na'ura lafiya. Wanda ya saye shi da nufin kallon talabijin har dare ya yi kuskure. Na biyu shi ne inbata, wadda ke juya wutar babban batir ta zama irin wadda kayan gida ke sha.

A Luka 14:28 Ubangijinmu ya kawo misalin mai gini da ke fara zama ya lissafta abin da aikin zai ci. To, mu ma mu yi lissafin. Batir mai lamba 12V 100Ah yana riƙe da wutar da ta kai wat 1,200 na tsawon awa guda. Idan na dalma ne, irin wanda aka fi samu, bai kamata a sha fiye da rabinsa ba, in ba haka ba zai mutu da wuri. Saura 600 ke nan, ita ma inbata ta ci nata, a bar mu da kamar 500. Ƙwan fitila 4 masu wat 10, da fanka mai wat 60, da talabijin mai wat 60, da cajin waya, sun kai wat 180. Wato batirin zai riƙe gida kusan awa 3. Amma dutsen guga kaɗai yakan sha wat 1,000, zai ƙarar da komai cikin rabin awa. Guga da dafa ruwa sai su jira a kawo wuta.

Haka kuma, batirin mota bai dace da wannan aiki ba, gama an ƙera shi ne domin ya ba da ƙarfi mai yawa na ɗan lokaci ya ta da inji. Batirin litiyam ya fi daɗewa, amma ya fi tsada. Kowanne aka saya, a ajiye shi a inuwa inda iska ke shiga, domin zafi irin namu na bazara yana rage masa kwana. Mai ruwa a ciki yakan fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, saboda haka kada a sa shi kusa da murhu ko a ɗakin barcin yara.

Ranar da ya mutu kuwa, kada a fasa shi, kada a bar yara su yi wasa da shi. A mayar wa dillalin da ke karɓar tsofaffi. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a jihar Zamfara. Dalmar da ke cikin batir ita ce dai wannan.

Wani zai ce, "Malam, mai neman abin da zai ci ina ya ga kuɗin inbata?" Gaskiya ne, kuma ba mu ce kowa ya saya ba. Fitila mai caji da ɗan batirin cajin waya sun ishi gidaje da yawa su karanta Littafi Mai Tsarki, yara su gama aikin makaranta. Abin da muke ƙi shi ne mai bi ya ci bashi, ko ya taɓa kuɗin makarantar 'ya'yansa, don kawai a ga gidansa da haske unguwa na cikin duhu. Wanda Allah ya hore wa kuma, ya buɗe ƙofa ga gwauruwa da ɗalibin da ke maƙwabtaka da shi su sa caji.

Muna roƙon dattawan ikkilisiya su nemi masu aikin lantarki da ke cikinmu su koya wa zumuntar mata da ta matasa wannan lissafi, ko da sau ɗaya bayan sujada. Misalin 'yan mata goma da ke Matiyu 25 yana magana ne a kan dawowar Ubangiji, ba a kan lantarki ba. Duk da haka halin da ya yaba shi ne na wanda ya yi tanadi tun da sauran lokaci. Allah ya ba mu wannan hikima a gidajenmu. Amin.