Dillalan waƙa na intanet: Ina ribar sabon mawaƙin Riruwai?

A shekarun baya, mawaƙin da ya taso a Riruwai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Doguwa, sai ya ratsa dajin Falgore, ya bi ta Tudun Wada zuwa birnin Kano, ya miƙa wuya ga 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai kafin muryarsa ta isa kunnen jama'a. A yau dillalan intanet ne suka gaji wannan kujera.

Spotify, wanda ya shigo Najeriya a watan Fabrairun 2021, ba ya karɓar waƙa kai-tsaye daga hannun mawaƙi. Dole ta biyo ta kamfanin rarrabawa, kamar DistroKid mai karɓar kuɗin shekara-shekara, ko CD Baby mai karɓar kuɗi sau ɗaya a kan kowace waƙa ko kundi, sannan ya riƙe kashi 9 cikin ɗari na abin da aka samu. Da dala ake biyan su, kuma tun da darajar naira ta faɗi a watan Yunin 2023, nauyin ya ƙaru a wuyan mai farawa.

Ribar ma ba ta saurin zuwa. Daga 2024, Spotify ba ya biyan ko sisi a kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata 12 ba. Ga shi kuma yawancin masu sauraro a Kiru da Bebeji da Doguwa a shagunan masu tura waƙa a memori suke samun ta, ko ta WhatsApp, inda babu mai ƙidaya balle biya.

Babban haɗarin shi ne na mallaka. Matashin da ba shi da katin biyan dala kan bai wa mai situdiyo ko wani ɗan birni waƙarsa ya ɗora masa. Kamfanin rarrabawa kuwa mai asusu kaɗai ya sani, shi yake tura wa kuɗi. Ranar da waƙa ta yi tashe, kamar yadda Jaruma ta Hamisu Breaker ta yi a 2020, sai a wayi gari kura da shan bugu, gardi da ƙwace kuɗi. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta ba mai ƙirƙira kariya, amma shari'a ba tare da rubutacciyar shaida ba wahala ce.

Saboda haka, hanya mafi sauƙi ga mai farawa ita ce Audiomack da YouTube, inda zai ɗora waƙa kyauta da hannunsa, ya tara masoyan da za su gayyace shi wasan biki. Idan lokacin biyan dillali ya yi, asusu da adireshin imel su kasance da sunansa, rabon mai kiɗa da mai situdiyo kuma a rubuce, gaban shaidu.