Ƙofar da Ba Ta da Sakata

Tun kaka da kakanni aikin maigida ne ya rufe ƙofar zaure bayan lisha, ya tabbata 'ya'yansa sun shigo. Yau kuwa a Funtua da Malumfashi, musamman gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa, an sami wata ƙofa wadda ba ta da sakata, watau akwatin nan mai rarraba intanet da ake kira rauta. Zaure a rufe, amma yaro yana ɗaki da waya har tsakar dare. Gari ya waye malami ya iske mai gyangyaɗi a aji, uba ya iske mai kasala a gona, alhali kuɗin datan daga masara da auduga suka fito.

Mutanen wannan yanki sun san abin da ake nufi da yanke layi. Cikin watan Satumba 1921 babu wanda zai yi tsammaninsa, amma a Satumba 2021 Gwamnatin Jihar Katsina ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 saboda 'yan bindiga, har da Funtua da Malumfashi da Bakori. Wancan larurar tsaro ce, ta haɗa babba da yaro. Abin da ke hannun maigida ya fi sauƙi, gama shi zai zaɓi wayar da za a rufe wa, ya zaɓi sa'a.

Ga yadda abin yake. Kowace waya tana da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 12, ana ce da ita MAC, da ita rauta ke gane ta. A shafin sarrafa yawancin rautoci akwai wurin kulawar iyaye. Nan mutum zai zaɓi wayar ɗansa, ya rubuta, misali, daga ƙarfe 9 na dare zuwa 6 na safe.

Sai dai a kula da abu uku. Na farko, a canja kalmar sirrin da rautar ta zo da ita, gama sau da yawa a jikin akwatin aka buga ta. Na biyu, a daidaita agogonta da na Nijeriya, a kuma duba shi bayan an ɗauke wuta, don in agogo ya ɓace doka ta ɓace. Na uku, tun daga Android 10 na 2019 wayoyi suna iya ɓoye lambarsu ta asali su nuna wata. Saboda haka, in rautar tana da wannan tsari, gara a hana kowa shiga sai wanda aka rubuta.

To, amma kada wani ya ɗauka akwati zai yi masa tarbiyya. Yaron da ke da data a layinsa ba ruwansa da rautar gida. Ya kamata uba ya tara iyalinsa, ya faɗi dalili, a yarda da sa'a, a sassauta wa mai shirin jarrabawa, shi ma kuma ya ajiye tasa wayar in lokaci ya yi. Dokar da mai yin ta ba ya bi, ba ta kwana.

Muna roƙon malaman makaranta da akawunan hukuma, tun da su ne idon jama'a, su bayyana wannan a taron iyaye da malamai, su taimaki wanda bai iya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shirya mana zuriya, amin.