Filin Yaƙi da Jahilci: Wa ke koya wa malamin gari?

Kaka ta wuce. Hatsi ya shiga rumbu, an kai wake da gujiya kasuwa. Yanzu ne garuruwa ke gyara rumfar karatu, a fiddo allo, a kakkaɓe masa ƙura. Maigari zai sa a yi shela, maza da mata su zo a rubuta sunansu. Amma akwai tambaya guda da ba a cika yi ba a dandali: malamin nan da zai tsaya gaban allo har faɗuwar ruwa, shi wa ya koya masa koyarwa?

Galibi malamin yaƙi da jahilci ɗan gari ne, manomi kamar kowa. Ya yi lakkol shekara shida, ko ya ɗan taɓa kwaleji, sa'an nan ya komo gida. Jama'a suka zaɓe shi don ya iya riƙe bik, kuma ba a san shi da rigima ba. Aka kira shi birni, aka yi masa horo na ƴan kwanaki, aka ba shi littafi da alli, aka ce ya je ya buɗe aji. Daga nan sai shi kaɗai. Sufeto yana da garuruwa da yawa, hanya ba kyau, man babur ya yi tsada. Sai malami ya yi wata da watanni babu wanda ya leƙo ya ga yadda yake aiki.

Abin da ya sani shi yake bayarwa. A lakkol da faransanci aka koya masa rubutu, hannunsa ya saba. In ya tashi rubuta "kuɗi" sai ya rubuta "koudi". "Ciniki" ya koma "tchiniki", "shanu" su koma "chanou". Mutum talatin suna zaune suna kwafa cikin kaye. Ran da ɗayansu ya ɗauki jarida, ko takardar bayanin taki da aka buga da Hausa, sai ya ga ba haka aka nuna masa ba. Ransa ya ɓaci, ya ce ashe aikin baban giwa ya yi duk rani. Baɗi ko an yi shela ba zai zo ba, kuma zai hana ƙanensa zuwa.

Alhali Hausa tana da ƙa'idar rubutunta. Nijar ta kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a 1963. A 1966 hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako, suka tsara baƙaƙen rubuta Hausa, Zabarmanci, Fillanci, Barbarci da Tamashek. A 1980 aka yi wani zama a Yamai don daidaita rubutun Hausar Nijar da na Najeriya, kuma a 1999 ma'aikatar ilimi ta fidda dokar rubutun da ake bi. Dattawan da suka yi karatu tun farko suna tune da lokacin da ake ninka wasali mai ja, a rubuta "kaasuwaa". An bar wannan. Amma baƙaƙe huɗu masu ƙugiya suna nan daram: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Ƙugiyar ba ado ba ce. Ita ta raba "kara" na gona da "ƙara" ta gaban alƙali. Ita ta raba "baki" da "baƙi", ta raba "kasa" da "ƙasa". Malamin da bai sa ta, ɗalibansa ma ba za su sa ba.

Tun 1977 akwai cibiya a Yamai da ke horar da ma'aikatan yaƙi da jahilci, waɗanda ke zama sufetoci da masu ba da horo. Aikinsu yana da amfani, sai dai ba su iya kwana a kowane gari. Malaman lakkol sun riga sun sami mafita. Makarantun da ke kusa da juna suna haɗuwa cikin ƙungiyar da ake kira CAPED. Su taru lokaci lokaci, mushe guda ya ba da darasi, saura su zauna su kalla, in ya gama a tattauna. Wannan dabara ba ta fi ƙarfin malaman manya ba. Garuruwa biyar ko shida da ke cin kasuwa guda, malamansu suna iya kafa ƙungiyarsu. Ba ta bukatar ofis, ba ta bukatar hatimi. Inuwar itace, allo guda da alli sun isa. Wannan wata a yi a garin wane, wata mai zuwa a garin wane.

A irin wannan zama ne ake ganin abin da mutum ba ya gani a jikinsa. Malami ya rubuta "ba, bi, bu" a allo, ya nuna da sanda, aji ya amsa da ƙarfi har maƙwabta su ji. Ya koma gida yana murna. To amma harda ce, ba karatu ba. Abokin aikinsa da ya daɗe a sana'ar zai tashi ya goge allon, ya sāke rubuta su a hargitse, "bu, ba, bi", ya kira mutum guda daga baya. In ya karanta, to ya iya. In ya rera kamar dā, a koma farko. Wani malamin kuma yana magana fuskarsa na kallon allo. Wani ba ya tambayar kowa sai mutum ukun da ke gaba. Wani rubutunsa ƙanana ne, ya manta ɗalibinsa ɗan shekara hamsin ne, kuma da fitila ake karatun.

Mafi muni shi ne malamin da ke ɗauko halin lakkol ya kawo ajin manya. Magidanci mai mata da ƴaƴa, wanda ya san ƙasa da iri fiye da malamin, ba a daka masa tsawa don ya rikita "b" da "d". In aka yi masa dariya sau ɗaya, ya ɗauki takalminsa ke nan. Sufeto ba ya ganin wannan, domin ran da ya zo kowa yana nuna hali nagari. Amma malamin garin maƙwabta, wanda ya taɓa rasa rabin ajinsa saboda haka, shi zai ja ɗan'uwansa gefe ya ce masa: "Malam, a bi su Baba sannu."

Sai lissafi, inda kuɗin mutane ke zubewa. Manomi da dala yake ƙirga, takarda kuwa da tamma ake rubuta ta. In takarda ta ce 500, dala ɗari ke nan, ba dala ɗari biyar ba. In ta ce 750, dala ɗari da hamsin. In ta ce 2.500, jikka biyu da rabi. Wanda ya iya karanta lamba amma ba a koya masa raba ta gida biyar ba, yana iya sa hannu a kan abin da bai kai wanda yake tsammani ba, har ninki biyar. Malamai da yawa suna tsallake wannan darasi don su ma yana ba su wuya. A zaman ƙungiya sai a kawo tiya da buhu, a kawo takardun ciniki na gaske, a yi ta gwadawa har kowa ya ƙware. Buhun hatsi mai kilo 100 yana cin tiya wajen 40: daga nan kaɗai ana iya fidda darasin sati guda.

Leƙa malami yana da tasiri, an gwada an gani. A 2014 ƙungiyar agaji ta CRS ta buɗe azuzuwan manya a ƙauyukan jahohin Maraɗi da Damagaram. A wasu garuruwan, kowane sati ana kiran malami ta salula, a kira maigari, a kira ɗalibai biyu, a tambayi yadda karatu ke tafiya. Ba a ƙara wa malamin ko dala ba. Da aka yi jarrabawa, ɗaliban garuruwan da ake kira sun fi saura karatu da lissafi. In kiran baƙo daga nesa ya yi haka, ina ga abokin aiki da ke zuwa da ƙafarsa?

Akwai wuya, ba a ɓoye ba. Tsohon malami mai shekara goma a aji ba ya son yaro ya gyara masa rubutu. Shi ya sa ya fi kyau babba ya fara tsayawa gaban allo, a gyara masa, sa'an nan yara su ga ba abin kunya ba ne. Malamai mata kuma sai an nemi yardar mazansu, a tashi zama kafin la'asar don su isa gida da rana. Malamin da ke bin makiyaya, a sa ranar ta dace da kasuwar dabbobi, in ba haka ba ba za a gan shi ba.

Sai maganar guzuri. Malamin da ya bar sana'arsa yini guda, ya yi tafiyar kilomita goma, don gari ya yi ta. In kuɗin aikinsa suka makara, gari kuma ya yi shiru, cin rani zai tafi, rumfa ta koma wurin kwanan awaki. Kwamitin karatu na gari yana iya tsayar da abu kaɗan: kowane ɗalibi tiya guda ta hatsi a farkon aji, amalanke ta kai malam wurin zama, garin da aka sauka ya dama fura. Wannan magana tun yanzu ake yin ta gaban maigari, kafin a rubuta sunan mutum na farko.