Wa Ya Ci Ribar Fushinmu?

Jama'a, duk inda muka shiga, kasuwa ko tasha ko dandalin unguwa, magana ɗaya ake tarbarmu da ita: "Ku rabu da mu, duk kanwar ja ce." Ba mu ga laifin mai faɗin haka ba. A 2022 hukumar ƙididdiga ta gwamnati da bakinta ta ce mutum miliyan 133 na cikin talauci a ƙasar nan. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, aka ce talaka ya ƙara haƙuri. Shekarar ba ta ƙare ba sai ga 'yan Majalisar Tarayya suna karɓar sababbin motoci, waɗanda jaridu suka ce kowace ta kai wajen naira miliyan 160.

To, mu ɗauko alli mu yi lissafi irin na 'yan aji huɗu. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Leburan da ke karɓarsa, ko da bai ci ba bai sha ba, sai ya yi shekara 190 yana tari kafin ya sayi mota ɗaya.

Ranar rabon motocin nan, wa ya ji ana tambayar addinin wani a zauren majalisa? Wa ya ji an ce wannan ɗan Kudu ne, wancan ɗan Arewa? Shiru kake ji. Sai zaɓe ya matso ake tuno mana da ƙabila da ɗarika da launin hula, a bar maƙwabci ya daina gaida maƙwabci, wa ya ƙi zuwa sunan ɗan ƙanensa. Su kuwa manyan, yau suna wannan jam'iyya, gobe sun tsallaka waccan, 'ya'yansu na auren juna.

Amma fa, 'yan'uwa, fushin da muke yi su yake yi wa aiki. A 2023 mutum miliyan 93 ke da rajista, waɗanda suka fito ba su wuce miliyan 25 ba, aka ci kujerar shugaban ƙasa da ƙuri'a ƙasa da miliyan 9. Wanda ya zauna a gida bai hukunta kowa ba, rage wa mai sayen ƙuri'a tsada ya yi.

Iyayenmu sun fi mu shan wuya a hannun dogarai da masu karɓar haraji, ba su kuwa zauna ba. A 1979 suka bi Malam Aminu Kano, suka zaɓi Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, aka soke haraji da jangali.

Mu ma kada ku yarda da mu don daɗin baki. In ɗan takararmu ya zo, ku tsare shi: me ya mallaka, ina ya samo, wace makaranta 'ya'yansa ke zuwa? Ranar zaɓe kuma kowa ya fito da katinsa, kada a bar rumfa sai an ƙirga a gabanmu, wakilai sun sa hannu, an liƙa sakamako a bango.